Koyi da Dutsen Kufena

Murjanin nan da mata ke ratayawa a wuya, mutane da yawa suna zaton dutse ne. Alhali kuwa ƙashin wata 'yar halitta ce mai rai wadda ke zaune cikin teku. Jan nan na ado, daga Bahar Rum fatake suka riƙa kawo shi ta Sahara. Yana da 'yan'uwa masu gina tuddai a ƙarƙashin ruwa, kamar na Bahar Maliya kusa da Jidda, da wani a gaɓar Ostireliya wanda tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Tun 1853 aka buɗe gidan kallon kifi a birnin Landan, har abin ya kai yau mutum kan kiwata murjani da kifin teku a ɗakinsa cikin akwatin gilashi.

Zariya dai nesa take da teku. Duk da haka akwai wani dattijo a Samaru, tsohon ma'aikacin binciken aikin gona, wanda ya sa wa ransa wannan kiwo. Wani mai yankan gilashi a Sabon Gari ya haɗa masa akwati mai cin lita 200. Haɗa ruwa bai ba shi wuya ba, gama yana da ma'auni: wajen giram 35 na gishiri cikin kowace lita, gishirin kuwa na musamman ne, ba na miya ba. Abin da ya tsaya masa shi ne jeren duwatsu.

Maƙwabcinsa magini ya ce a jera su kamar tubali, daga wannan gefe har wancan, a jingina su da gilashin baya. Dattijo ya ce ai katanga ke nan, kifi kuwa ba ɗan kurkuku ba ne. Sai ya ɗauki sandarsa ya tafi Kufena, ya wuni yana duban yadda Ubangiji Ya ajiye nasa duwatsun. Ya ga babu biyu da suka zo daidai. Babba na zaune a gefe guda, ƙanana sun watsu a gindinsa. Wani ya ɗare kan wani ya bar kogo, tsakaninsu kuma ga fili inda iska ke ratsawa.

Amma ko tsakuwa bai ɗauko ba. Dutsen Kufena a cure yake, ruwa ba ya shigarsa. Na murjani kuwa dangin wanda ake siminti da shi a Sakkwato ne, sai dai shi duk huji ne kamar soso. Cikin hujin nan waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani suke zama, su ne ke cinye dafin kashin kifi. Saboda haka ya aika Ikko aka sayo masa busasshe, ya ƙi wanda aka ɓamɓaro da ransa, domin tudun murjani shekaru aru-aru yake yi kafin ya ginu.

Ga yadda ya jera. Ya fara ɗora manya a kan gilashin ƙasa tukuna, sa'an nan ya zuba yashi, don kada kifi mai tono ya zaftare gindi, dutse ya faɗo ya fasa akwati. Ya yi tsibi biyu, dogo a hagu, gajere a dama, ya bar kwari a tsakani. Ko'ina ya bar ratar da hannu zai shiga tsakanin dutse da gilashi saboda shara. Ya yi koguna masu ƙofa biyu, domin kifin da aka kora ya sami mafita. Murjani mai son haske ya tanadar masa bisa, mai son inuwa kuma gindi. Duk dutsen da ya girgiza ya ji yana motsi, sai ya sāke masa zama.

Wannan jeri ba don ado kaɗai ba ne. Inda duwatsu suka cushe, ruwa ba ya gudu, datti ya taru ya ruɓe. Ran da wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, irin wannan akwati ne kifinsa ke fara mutuwa.

Da ya gama, jikokinsa suka matsa a saka kifi. Ya hana, sai da ruwa ya yi mako shida yana zagawa, ƙwayoyin nan suka yaɗu cikin dutse. Ya ce musu mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Yanzu magini kan shigo da maraice ya zauna kallo. Har yau yana cewa jeren ba shi da tsari, amma shi ne kan riga kowa nuna kogon da ƙaramin kifi ya zaɓa don kwana.