Gangar Ƙanena Da Kujerar Shata

Hutun da ya wuce na sauka Kaura Namoda na tarar gidanmu tsit. Ƙanena, ɗan aji biyu na babbar sakandare, ya daina hira da kowa. Ashe Baba ne ya ƙwace gangar da yake bugawa a faretin makaranta, ya ɗora ta bisa kabad, ya ce, "Ban kai ka boko don ka zamo muna maroƙi ba." Burin Baba yaron ya karanta lauya ya shiga siyasa, irin marigayi Umaru Shinkafi, wanda ya yi takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1999.

Yaron ya roƙe ni in sa baki, wai ni ne ɗan jami'a. Na kwana ina haɗa hujja sai ka ce mai shirin muhawara.

Hujjar farko daga Amurka na ɗauko ta. Abokin ɗakina ya taɓa kunna mini waƙar ƙungiyar Nirvana, ya ce in bar muryar mawaƙin, in saurari amon nan mai kauri da ke can ƙasa yana riƙe da kiɗan. Mai kaɗa wannan jita, Krist Novoselic, shi da Kurt Cobain suka kafa ƙungiyar a 1987. Bayan mutuwar Cobain a 1994 ya karkata ga siyasa. Ya yi shekaru yana shugabantar FairVote, masu fafutukar gyara tsarin zaɓe, a 2024 kuma ya kafa jam'iyya a jiharsa ta Washington. Baba ya bari har na gama, sannan ya tambaye ni ko mutumin ya san hanyar Zurmi.

Sai na dawo gida. Na ce to, Mamman Shata fa? Shi ma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don yana ganin roƙo ne. Amma ya yi kansila a Kankia, ya yi shugaban jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Kalangu bai hana shi kujera ba.

A nan na yi kuskure, ku kiyaye: kada ku kawo wa dattijo labarin Shata kuna zaton kun fi shi sani. Baba ya gyara zama.

"Ka san yadda kujerar ta ƙare?"

Na yi shiru.

"Tsige shi suka yi! Yau wa ke tuna Shata da wata kujera? Kowa waƙatai ya sani."

Bai rufe baki ba ya gane inda maganar ta kai shi. Ni ma na gane, amma na sunkuyar da kai, don ba a yi wa uba dariya a irin wannan wuri. Ya jawo rediyonsa, wadda katinta cike yake da Shata da Narambaɗa, ya ce mu tashi mu ba shi wuri.

Har hutu ya ƙare gangar na bisa kabad. Ranar da zan koma makaranta, ina ɗaure jaka, na jiyo Baba daga zaure yana tambayar ƙanena, cikin muryar wanda abin bai dame shi ba, wace rana ce ma faretin nan nasu.