Ranar Tankaɗe a Wasan Ƙwallon Amurka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in bayyana wa 'yan'uwa masu karatu wani al'amari na ƙasar Amurka wanda na daɗe ina bin labarinsa. Ni akawu ne, na shige shekara talatin da haihuwa, kuma rabin aikina jera sunayen mutane ne a takarda. Saboda haka duk inda na ji an soke sunan wani daga jeri, sai in kasa kunne.

Mutanen Amurka suna da wani wasan ƙwallo nasu dabam da tamaular da muka sani. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake jifanta, a cafe, a ruga da ita. Babbar ƙungiyar wasan, wadda ake kira NFL, tana da kulob 32. A ƙarshen watan Yuli kowane kulob yakan shiga sansanin horo da mutum 90, su yi wajen wata guda suna gumi, su yi wasannin gwaji uku. Sa'an nan a ƙarshen Agusta a yanka musu wa'adi, tilas kowane kulob ya rage mutanensa su koma 53. A 2024 wa'adin ya faɗo ran Talata, 27 ga Agusta, da ƙarfe huɗu na yamma. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: mutum 37 sau 32, watau mutum 1,184 ke nan aka cire daga jeri cikin 'yan kwanaki.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne masu cafe ƙwallo. Aikinsu su tsaya can gefen fili, da an fara wasa su sheƙa a guje, su yi wa mai tsaronsu wayo, su juyo su cafe ƙwallon da mai jifa ya wurgo. Kulob yakan tara goma ko fiye daga cikinsu a sansani, alhali biyar ko shida zai riƙe, wani lokaci bakwai. Uku ko huɗu na farko kuwa an san su tun kafin a kafa sansani, gama an riga an ba su manyan kuɗi, ko kuwa an zaɓo su da wuri daga jami'a. Ashe sauran duka gurbi biyu suke kokawa a kai.

To, ina aka dogara wajen tankaɗen? Yaron da ke can ƙasan jeri ba safai yake samun babban mai jifa ya jefo masa ba. A wasannin gwaji sai an kusa tashi a sa shi, tare da mai jifa na uku, wanda shi ma ta kansa yake yi. Watakila sau biyar ko shida ƙwallo za ta zo wajensa a wasannin nan duka. In ɗaya ta suɓuce masa, da ita za a tuna da shi. Shi ya sa gurbin ƙarshe yakan faɗa hannun wanda ya yarda da aikin wahala, watau ya bi ƙwallo a guje in an buga ta sama, ya kā da wanda ya ɗauko ta, ko ya tare wa wani hanya. Adam Thielen ta nan ya shiga. Babu kulob da ya zaɓe shi a 2013, Minnesota Vikings suka gwada shi, suka sallame shi a ƙarshen Agusta, suka ajiye shi cikin 'yan ko-ta-kwana. A 2014 ya sami gurbi saboda wannan aikin wahala, a 2018 kuwa ya cafe ƙwallo 113.

Ga yadda sallamar take. Akwai wani ɗan aike da 'yan wasa suke yi wa laƙabi da Baturke. Shi ne zai zo ya ce maka mai horarwa yana kira, ka taho da littafin dabarun wasa. Da jin haka ka san ta ƙare. Wanda bai cika shekara huɗu a aikin ba, sai a baza sunansa ga sauran kulob har zuwa tsakar ranar washegari, kulob ɗin da ya fi shan kaye bara shi ke da zaɓin fari. In babu mai so, sai ya jira ko a kira shi cikin 'yan ko-ta-kwana, waɗanda suke mutum 16 a kowane kulob, ana ƙara ɗaya in baƙo ne daga wata ƙasa. Su horo kaɗai suke yi, sai in an bukace su. A 2024 mafi ƙanƙantar albashin sabon shiga cikin 53 dala 795,000 ne a shekara, ɗan ko-ta-kwana kuwa dala 12,500 a mako, kuma ana iya korarsa kowace safiya. Wanda bai sami ko ɗaya ba sai ya ɗaure kayansa.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi, wannan tankaɗe bukatar kulob ta ranar nan yake aunawa, ba ƙimar mutum ba. Ga shaida. A 1976 Houston Oilers suka yi niyyar sallamar wani sabon yaro, Steve Largent, sai suka miƙa shi ga Seattle Seahawks a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya yi musu shekara 14, ya cafe ƙwallo 819, lokacin da ya bar wasa a 1989 babu wanda ya taɓa kai wannan adadi. A watan Satumba na 1990 Philadelphia Eagles suka sallami Cris Carter, shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa shaye-shaye ne ya jawo masa. Minnesota Vikings suka ɗauke shi da dala 100 tak. Ya gyara halinsa, ya gama wasa da cafiya 1,101, aka sa sunansa a zauren gwanaye a 2013. Wes Welker kuwa ya tsallake tankaɗen San Diego Chargers a 2004, amma bayan wasa ɗaya suka sallame shi. Daga baya, yana New England Patriots, sau uku ba wanda ya fi shi yawan cafiya a shekara.

Kada kuma a ce na ɓoye ɗaya gefen. Waɗannan da na ambata 'yan kaɗan ne, shi ya sa aka san sunansu. Yawancin waɗanda aka sallama ba a sāke jin ɗuriyarsu a fili, sukan koma garuruwansu su nemi wata sana'a, wasu da ciwon gwiwa ko na kafaɗa. Kuma rariyar ba ta jin kunyar tsoho. Jerry Rice, wanda ba a taɓa yin mai yawan cafiyarsa ba, ya je sansanin Denver Broncos a 2005 yana da shekara 42. Da ya ga ba zai shiga cikin uku na farko ba, sai ya ajiye wasa da mutuncinsa kafin a fara kakar. Ba kullum ake kwana a gado ba.

Saboda haka ina da jan hankali biyu. Na farko ga masu riƙe da alƙalami, ko a kulob ko a ofis: wanda zai soke sunan mutum ya tuna ɗan abin da ya gani kaɗan ne, ya sallame shi da mutunci, ya gaya masa gaskiyar dalili, gama watakila gobe shi ne zai zo ya ci su. Na biyu ga samari: kada wanda aka sallama ya ɗauka an gama da shi, kada kuma ya raina ƙaramin aiki, tun da ta ƙaramar ƙofa Thielen ya shiga. Mu kuma 'yan kallo, in mun ga an buga jerin mutum 53, mu tuna da 37 da ba a buga ba.

 

Ni ne naka,
Wani Akawu