Kunnen da Ke Zuba Ba Ya Ciwo

A ƙauyukan Rano da Kibiya, kamar yawancin ƙasar Hausa, ba kasafai ake ɗaukar zubar ruwan kunne a matsayin cutar zuwa asibiti ba. Sai a goge da auduga, a sayo maganin ɗigawa a kemis, ya tsaya mako biyu ya dawo. Tun da bai hana barci ba, bai hana noma ba, sai a saba da shi. Amma akwai nau'in da rashin zafin nasa shi ne babban haɗarinsa.

Haka wata malamar firamare a Kibiya ta rayu tun tana budurwa. Kunnenta na hagu yana fitar da mugunya mai wari, jinsa yana raguwa a hankali, har ta saba da juyo kunnen dama idan ɗalibi ya yi tambaya. Sai da jiri ya fara ɗibarta a aji sannan ta je Babban Asibitin Rano, aka tura ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can likita ya zuƙe mugunyar, ya leƙa da madubin ƙara girma, ya ambaci sunan da ba ta taɓa ji ba: kolestiyatoma.

Sunan ya fi cutar ban tsoro ta wata fuska. Bajamushen masani Johannes Müller ne ya raɗa shi a 1838, yana zaton ƙari ne mai kitse. Ba ciwon daji ba ne. Fata ce da ta sami kanta inda bai kamata ba. Idan ƙaramar hanyar da ke kai iska daga bayan hanci zuwa cikin kunne ta daina aiki sosai, dodon kunne yakan lotsa ciki ya zama kamar aljihu. Matacciyar fatar da ya kamata ta fita waje sai ta taru a aljihun, ta riƙa girma, tana cin ƙashin da ke kewaye da ita. Da farko takan lalata ƙananan ƙasusuwa uku masu kai sauti. Idan aka bar ta, tana iya taɓa jijiyar da ke motsa fuska, ɓari guda ya karkace, ko ta huda ƙashin da ya raba kunne da ƙwaƙwalwa, ta jawo sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Maganin ɗigawa yana busar da mugunya na ɗan lokaci, amma ba ya fitar da fatar. Tiyata ce ke fitar da ita.

Fahimtar da mutanen gida ya fi wa malamar wuya a kan fahimtar cutar. Mahaifiyarta ta ce, "Haba 'yar nan, kunnen da kika yi shekaru da shi lafiya, yanzu ne za a ce sai an yanka ki?" Ta amsa, "Inna, ba lafiya ba ce, shiru kawai ya yi." Da ta koma asibiti sai ta tafi da mijinta da yayanta, suka ga hoton ƙashin kunnen da aka ɗauka da na'urar CT, suka ga inda ya zaizaye. Daga ranar gardama ta ƙare.

Abin da ya fi kwantar mata da hankali shi ne sanin ainihin manufar aikin. Ta zo da burin a dawo mata da jinta. Likita ya bayyana mata cewa buri na farko shi ne a samu busasshen kunne wanda ba zai kai cuta ga ƙwaƙwalwa ba. Gyaran ji yana biyo baya, wani lokaci sai a aiki na biyu, wani lokaci kuma sai da na'urar taimakon ji. Ya kuma gaya mata cewa za a bi ta bayan kunne a buɗe ƙashin tana cikin barcin allura, cewa akwai haɗari kaɗan ga jijiyar fuska da ɗanɗano, kuma cutar na iya dawowa, don haka za ta yi shekaru tana zuwa dubawa.

Sauran shirin na yau da kullum ne. Ta daina saka tsinke ko gashin kaza a kunne. Lokacin wanka takan toshe shi da auduga mai man basilin, a alwala kuma takan shafa da yatsu masu ɗan danshi ba tare da ruwa ya shiga ba. Ta nemi a sa ranar aikin cikin hutun makaranta, bayan kaka, lokacin da mijinta ya sayar da amfanin gona. Ta tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano abin da rajistarta ta ma'aikaciya za ta ɗauka, ta nemi masauki wurin 'yar'uwarta a birni saboda dawowa wankin ciwo.

Likita ya ja mata kunne kan abubuwa huɗu da ba a jiran ranar ganawa idan sun bayyana: ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi, sandarewar wuya, kumburi a bayan kunne, da karkacewar baki. Ta rubuta su a bangon rajistar ajinta. Tun daga nan, idan ta ga yaro yana goge kunne da hannun riga, takan aika a kira mata iyayensa.