Kunya Ta Sa Na Sayi Boksi Mai Ciwo

A shekarar 2015 na tattara abin da na samu cikin shekara 9 ina sayar da albasa a Umdurman, uwargida ta ƙara mini da awarwaronta na zinariya, na haye Bahri zuwa kasuwar motoci don in sayi boksi. Dillalin da ya tare ni sai na ji ya amsa waya da Hausa. Nan muka gaisa, ashe shi ma kakanninsa daga Katsina suka taso a kan hanyar hajji, kamar nawa. Ya nuna mini wata farar Toyota Hilux mai shan fetur, ya tayar da ita, inji na tafiya lumui kamar keken ɗinki. Zuciyata ta ce in kira bakanike, amma kunya ta hana ni. Ta yaya zan tuhumi mutumin da yanzu muka gama lissafa dangi? Na ƙirga kuɗi na ba shi.

Bayan kwana 10 na juye tsohon baƙin mai, na zuba sabo. Kashegari da azahar, na ɗauko buhuna daga Khartum, ina tsakiyar gadar Farin Nilu cikin cunkoso, sai na ji ƙwam, ƙwam, ƙwam daga ƙarƙashin inji, fitilar mai kuma tana ƙiftawa. Gumin da na yi ran nan ba na rana ba ne.

Da kyar na lallaɓa ta zuwa Mantika Sina'iyya, wurin wani tsohon usta ɗan Mai Wurno. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Dogon sukudireba ya ɗauko, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar. Can ya ɗago ya ce, "Ɗana, ƙarar inji iri-iri ce. In ka ji kas-kas daga sama, bawul ke son a daidaita, aikin rabin yini ne. In ka taka totur da kaya ka ji kamar tsakuwa a gwangwani, ko fetur ba shi da kyau, ko wuta na riga lokacinta. Amma mai nauyin nan daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in inji ya yi zafi, ita ce abin tsoro."

Sai ya shiga zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, inji na aiki. Da ya zare ta uku, ƙarar ta kwanta. Da ya mayar, ta dawo. Ya ce sabayik ɗin fistin na uku ne suka cinye, abin da makanikan Kano ke kira metal. Ya tsiyayo mai a tafinsa, ga burbushin ƙarfe yana walƙiya. Na ce, "Baba, to me ya sa ban ji ba ran ciniki?" Ya ce, "Mai mai kauri aka ɗura mata, irin na giya. Shi ke toshe bakin ƙarar, kai kuma ka juye shi."

Da na ƙara tafiyar kwana biyu, da injin ya buga. Aka sauke shi, aka kai karanshaf wajen gyara, aka sa sababbin sabayik. Wata uku ban ɗauki buhu ko ɗaya ba, awarwaron uwargida kuwa sai bayan shekara biyu na iya mayar mata. Dillali ya rantse bai sani ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ni dai kaina na zarga.

Gyaran nan shi ya cece mu. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, boksin nan ce ta kwashe mu, mu 11, har Gadarif, ba ta yi ko tari ba.

Don haka 'yan'uwa, in za ku sayi tsohuwar mota, ku tafi da bakanikenku, ku zaro sandar awon mai ku murza shi a yatsa, ku yi tafiya da ita sai ta yi zafi sosai, sannan ku tsaya ku kasa kunne. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, ko da uwa ɗaya kuka fito. Allah Ya raba mu da cinikin biri a sama, amin.