Manhajar Da Ba A Gwada Ta Da Halin Ƙanƙara Ba

Duk manhajar da aikinta shi ne ta daidaita abin da ke cikin wannan na'ura da abin da ke cikin waccan, akwai wani adadi da masu ƙirarta suka dasa mata a ciki, wato tsawon lokacin da suka ɗauka na'ura za ta iya yi babu sabis kafin ta dawo. WhatsApp yana riƙe saƙon da bai isa ga mai shi ba har kwana 30, daga nan ya share. Tsarin da Microsoft ya yi wa ofisoshi don kwafar fayiloli tsakanin manyan kwamfutocinsu, idan ɗaya ta wuce kwana 60 ba ta gana da 'yan'uwanta ba, sai ya daina yarda da abin da ke cikinta. Waɗannan alƙaluman sun wadatar a nan Turai, inda katsewar intanet ta awa biyu kan zama labarin jarida. Amma a watan Satumba na 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma sai a watan Disamba aka fara maido da su. Wajen wata uku ke nan. Abin da nake son kafawa shi ne, bambancin da ke tsakaninmu da Turawa a wannan fanni bai tsaya ga ƙarfin sabis ba. Su suna da al'adar jarraba manhaja da irin masifar da suka sani kafin su sake ta, mu kuwa muna karɓar wadda aka jarraba da masifar wasu, mu ɗora mata tamu, sannan mu ɗora laifin a kan ƙaramin ma'aikaci idan bayanai suka salwanta.

Ya kamata mai karatu ya ga yadda wannan gwaji yake a zahiri, domin ya fi sauƙi a kan yadda ake zato. Mu ɗauki rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostareliya a 1996, wadda har yau da ita ake kwafar fayiloli tsakanin ɗimbin kwamfutocin duniya. Shekaru da dama tana tafe da wani ɗan fayil mai suna rsync.fns, wanda ba komai ba ne illa tarin gajerun umarni da aka rubuta da harshen shel, wato harshen da ake ba kwamfuta umarni kai tsaye a rubuce. Kowane guntu da aikinsa guda. Wani ya gina folda ta gwaji ya zuba mata fayiloli iri-iri, manya da ƙanana, har da wanda babu komai a cikinsa. Wani, mai suna checkit, ya sa manhajar ta yi kwafi, sannan ya jera abin da ke folda ta farko da na ta biyu, ya gwama sunaye da girma da kwanan wata, ya kuma bi cikin fayilolin ya tabbatar ko harafi ɗaya bai sauya ba. Wani kuma aikinsa kawai ya tsayar da komai ya ce an faɗi. Da zarar an mallaki waɗannan ƙananan mataimaka, rubuta sabon gwaji bai wuce layi goma ba: shirya, yi kwafi, duba. Shi ya sa idan wani ya kawo ƙorafin wata matsala, ba a tsayawa ga gyara ta kaɗai, sai an rubuta mata gwajinta an ajiye, kuma duk lokacin da aka taɓa manhajar sai kwamfuta ta sake bin gwaje-gwajen nan kaf. Matsalar da aka taɓa gani sau ɗaya ba ta samun hanyar dawowa a ɓoye.

Wannan ɗabi'a ta yi nisa a ƙasashen Turawa. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Janeba ta gina kayan gwaji mai suna smashbox, wanda ke sa kwamfutoci da yawa su riƙa rubutu cikin folda guda a lokaci ɗaya don a ga ko wani abu zai ɓace. Tun 2013 wani injiniya Ba'amurke, Kyle Kingsbury, yake gudanar da gwajin Jepsen, inda da gangan yake yanke sadarwa tsakanin kwamfutoci, kuma ya sha kama manyan kamfanoni da suka yi alƙawarin cewa ba sa zubar da bayanai alhali suna zubarwa. Abin yabo ne ƙwarai. Sai dai gwaji ba ya tambayar abin da mai rubuta shi bai taɓa hasashe ba, kuma injiniyan da ke zaune a Stuttgart ko Oslo yakan yanke sadarwa ne na daƙiƙoƙi ko mintoci, a kan kwamfutar da agogonta ke daidai kuma wutarta ba ta ɗaukewa.

A yankin Ƙanƙara aikin daidaita bayanai yana nan tuli, ko da ba a kiran sa da wannan suna. Masu rigakafi da masu sa ido a kansu suna cika fom a waya da manhajoji irin su ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008, su tura idan sun samu sabis. Alƙaluman asibitoci suna hawa DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ke kula da shi, kuma Nijeriya ta ɗauke shi a matsayin rumbun bayanan lafiyarta. Mai POS a kasuwar Sheme yana jiran banki biyu su amince da juna cewa kuɗi sun fita kuma sun shiga. Mai turi a bakin tasha yana zuba fina-finai da wa'azi a katin memori. Yadda ake tabbatar da aikin kuwa da ido ne da zuciya: mai turi ya buɗe fim ya ga farkonsa na tafiya ya miƙa kati, jami'in bayanai ya ga alamar an tura ya rufe waya, mai hankali daga cikinsu ya ɗauki hoton rajista ya ajiye saboda ɓacin rana. Ranar da aka fara aiki da manhajar a ƙauye ita ce ranar gwajinta na farko a irin wannan yanayi, kuma bayanan mutane na gaskiya ne kayan gwajin.

Da a ce wanda ya san yankin ne zai rubuta waɗancan ƙananan mataimaka, da tambayoyinsa sun bambanta, kuma kowace tana da hanyar gwaji mai arha. Zai fara da agogo. Wayar da ta daɗe a mace, aka kunna ta inda babu sabis ɗin da zai saita mata lokaci, tana iya tashi da kwanan watan da ya wuce da shekaru. Manhajoji da yawa kuwa, idan suka tarar da kwafi biyu na abu guda sun saɓa, mai sabon kwanan wata suke ba gaskiya. Ke nan rajistar da ma'aikaciyar lafiya ta cika jiya za ta iya shan kaye a hannun tsohuwar da ke sama, ba tare da wata alama ta fito ba. Gwada wannan umarni ɗaya ne: akwai touch da ke sauya kwanan watan fayil, akwai faketime da ke sa manhaja ta ɗauka wata uku sun shuɗe. Da wannan na biyun ake gane ko izinin shiga zai ƙare alhali akwai fom ɗari a maƙale cikin waya, da kuma ko abin da aka goge a sama zai sake dawowa idan wayar da ta daɗe a daji ta haɗu. Sai mutuwar caji a tsakiyar turi, wadda ake kwaikwayo da kashe manhajar farat ɗaya, sannan a duba ko ta bar rabin fayil da cikakken suna. Sai katin memori mai tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, kuma yana rubuta lokaci ne da tazarar daƙiƙa biyu-biyu, abin da ke sa manhaja ta zaci fayil ya sauya ta sake tura shi, ta cinye datar da aka saya da ƙyar.

Akwai kuma sunayenmu. Garin 'Yankara a Faskari yana farawa da alamar da harshen shel ke ɗauka a matsayin buɗe zance, don haka umarnin da aka rubuta da sakaci yana iya karyewa a kan sunan fayil ɗin kawai. Wani ya rubuta Ƙanƙara da ƙugiya, wani ya rubuta babu, kwamfuta ta buɗe folda biyu ga gari guda. Babu injiniyan ƙetare da zai sa waɗannan cikin fayilolin gwajinsa sai an kai masa su.

Wanda ke ganin wannan ƙananan magana ce, ya tuna 25 ga Fabrairu 2023, ranar babban zaɓen Nijeriya. An yi amfani da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da shafin ɗora sakamako na IReV a zaɓukan gwamnonin Ekiti da Osun a 2022, abin ya tafi. Ranar babban zaɓe sakamakon 'yan majalisa yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, har dare ya yi. Bayanin da hukumar zaɓe ta INEC ta bayar daga baya a rahotonta shi ne, tsarin yana jera sakamako ne jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha ɗaya ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi. Mutum yana iya yarda da wannan bayani, yana iya ƙi, kuma da yawa sun ƙi. Amma idan an ɗauke shi yadda aka faɗa, ma'anarsa ita ce wata tambaya da gwaji mai layi kaɗan zai amsa ta jawo wa ƙasa zargin da har yau bai kwanta ba.

Za a ce matsalar Ƙanƙara da Sabuwa tsaro ce da rashin turakun sadarwa da wuta, a gyara waɗannan sauran su gyaru da kansu. Gaskiya ne su ne tushe, kuma babu mai hankalin da zai fifita gwajin manhaja a kan ran mutum. Sai dai wannan hujja tana juyawa kan mai ita. Inda hanya ke da haɗari, bayanin da ya ɓace ba ya sake samuwa cikin sauƙi, domin komawa ƙauye a sake ƙirga yara ko masu juna biyu na nufin wani ya sake hawa babur ya sa ransa a tafin hannu. A Jamus idan fayil ya lalace, tura shi ake sake yi. Saboda haka wurin da ya fi rauni shi ya fi buƙatar manhajar da aka gasa wa aya a hannu tun a ofis. Jiran sai tsaro ya samu kuma yana nufin a ci gaba da tsara rabon magani da taki bisa alƙaluman da babu wanda ya san ko sun iso cikakku.

Za a kuma ce mu masu amfani ne kawai, manhajar ta wasu ce. Wannan ma bai tsaya ba. ODK da DHIS2 da rsync duk a buɗe suke, kowa na iya karanta su ya aika da gwaji, kuma masu kula da su sun fi saurin amsa ƙorafin da ya zo da umarnin da ke nuna matsalar a fili. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke aiki daga Kano tun wajen 2009, ta nuna cewa ana iya gina kayan aiki a Arewa da tunanin cewa rashin sabis shi ne al'ada, kuma irin wannan aiki na cikin abin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar shan inna ta daji a watan Agusta 2020. Ƙari a kan haka, yawancin ɓarnar ba daga uwar manhajar take fitowa ba, daga saitin da ɗan kwangila ya yi mata ne a Abuja ko Katsina, kuma wannan namu ne ɗari bisa ɗari. Masu cewa takarda ta fi aminci suna da rabon gaskiya, shi ya sa ban ce a jefar da rajista ba. Amma amincin takarda a wurinmu bai taɓa zuwa daga takardar kanta ba. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya sakin sa sai masana sun zauna sun bi shi harafi-harafi, wasali-wasali, kuma babu mai ɗaukar wannan a matsayin raini ga haddarsa. Al'ummar da ta riƙe wannan ƙa'ida ɗaruruwan shekaru bai kamata ta karɓi kwafin na'ura don kawai allo ya nuna kore ba.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin motar ofis guda ba: tsohuwar kwamfuta mai Linux, wayoyi biyu masu arha irin waɗanda ma'aikata ke riƙewa, katin memori daga kasuwa, da ɗalibai kaɗan da suka iya shel. Sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suna iya mayar da wannan aikin kammala karatu, su tattara gwaje-gwajen wuri guda su buɗe wa kowa. Ma'aikatun lafiya da ilimi da noma na jihar Katsina kuma su sa shi cikin sharuɗɗan kwangila: kada a biya kuɗin manhajar da za a kai Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa sai mai ita ya nuna, a gaban jami'an da za su yi aiki da ita, cewa ta yi kwana 90 babu sabis, da karkataccen agogo, an kashe ta a tsakiyar turi, kuma ta dawo da kowane fom cikakke.