Abin da Na Gano a Birnin Kudu

A hutun makaranta da ya wuce na ziyarci yayata a Birnin Kudu. Daga Kano muka bi ta Wudil, tafiyar kamar mil 80. Gari ne mai duwatsu ƙwarai. Kashegari yara suka kai ni Dutsen Habude na ga zanen shanu na mutanen da, suka kuma nuna mini duwatsun da ke amo in an ƙwanƙwasa su. Amma ba duwatsu ne suka sa na ɗauki alƙalami ba.

Ran Laraba muka tafi barka wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Muka tarar da gida tsit, kai ka ce ba gidan haihuwa ba ne. Kakar jaririn ta yaye zane, sai ga wani ƙullutu kamar ƙwan agwagwa a gadon bayansa, ƙafafunsa kuwa ba sa motsi. Ta ce, "Malama, ke da kika yi boko, iska ce ko sammu?" Na ce, "Inna, ba ko ɗaya. Ciwo ne da likitoci suka sani, a gaggauta kai shi babban asibitin Birnin Kudu." Maijego dai tana gefe, ko kai ba ta ɗaga ba, don an riga an fara cewa laifinta ne.

Ga yadda abin yake. Lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗa suna fara ne kamar kwararo a buɗe, sa'an nan ya rufe wajen kwana 28 da shigar ciki. In bai rufe ta ƙasa ba, sai a haifi yaro da irin wannan ƙullutu, sau da yawa har ruwa ya taru masa a ka. In ta sama ne, ɗan ba ya rayuwa. Babban dalili shi ne ƙarancin wani abu a jikin uwa wanda ake kira folik asid, akwai shi cikin wake da gyaɗa da alayyaho da hanta.

Abin mamaki, ciwon nan ba daidai yake ko'ina ba, ko da cikin ƙasa guda. A ƙasar Sin an ƙidaya tsakanin 1993 da 1995. A wani lardi na arewa, inda ganye ke wuya lokacin sanyi, aka sami kusan 5 cikin kowace haihuwa 1,000, a kudu kuwa 1 tak. Da matan arewan suka riƙa shan ƙwayar folik asid kullum tun kafin ciki, sai nasu ya sauko wajen 1 shi ma. Mu nan kuwa mata da yawa a gida suke haihuwa, irin jaririn Gwaram ba ya shiga littafin kowa. Kada rashin jin labari ya ruɗe mu.

To, ƙwayar nan kun san ta, ita ce 'yar rawayar nan da ake bayarwa wajen awo tare da maganin ƙarin jini. Sai dai yaushe muke zuwa awo? Sai ciki ya yi wata biyar, balle na fari da kunya ke sa a ɓoye. Lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe game da wannan ciwo. Ni a ganina tun daga lalle ya kamata a fara, ƙwaya guda kowace rana. Wadda ta taɓa haihuwar irin wannan ɗa ta ga likita tukuna, don nata awon ya fi yawa.

Ƙanwar mijin yayata za a ɗaura wa aure bayan Salla. Kafin in hau mota na saya mata kwalba guda, na ce wa yaya ta tsaya a kanta har ta fara sha.