Ƙoda a Kan Teburin Mahauci

Jiya da yamma ina tsaye wurin mahauci ina jiran a yanka mini nama, sai ya ɗauko ƙodar rago, ya ɓare kitsen da ya lulluɓe ta, ya tsaga ta biyu. Na daɗe ina kallon cikinta: gefe ja, tsakiya fari, da 'yan layuka sirara duk sun nufi wuri guda kamar hanyoyin ruwa bayan an ɗauke sama. Ban san lokacin da na kai hannu kwiɓina ba. Irinta biyu ke kwance a bayana, ƙarƙashin haƙarƙari, kowacce ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan 1. Kullum sai sun tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai fi lita 2 ba. Su ne ma ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Zuciya dai tana bugawa mu ji ta, ciki yana kuka in yunwa ta zo. Ita kuwa ƙoda shiru take aikinta, ko ta fara gajiya ba ta cika kokawa ba sai abu ya yi nisa. Sai na tuna da masu irin wannan hali a gidajenmu, waɗanda ba a ganin hidimarsu sai ranar da suka kwanta. Wanda ƙodojinsa suka gaza, yawanci sau 3 a mako yake zuwa wankin ƙoda, awa 4 yana jone da na'ura.